Nomau Mai Waya, Mutumin da Muka Zarga da Kashe Mana Wuta

Shekara da shekaru, in aka sallame sallar asuba a Gawon Mero, mutane sukan tsaya a ƙofar masallaci ana gaisawa, ana tambayar kwanan iyali. Nomau Mai Waya ba ya tsayawa. Hannu ɗaya yake ɗagawa ya gaida jama'a baki ɗaya, ya zura takalmansa, ya ɗauki bokiti da tsumman da ya ajiye a gindin bango, ya nufi gabas da gari inda allunan hasken rana suke jere, waɗanda muke kira pano. So yake ya wanke su kafin rana ta ɗumama gilashin. In ya gama sai ya zaga bayansu, ya durƙusa, ya bi kowace waya da yatsa har inda ta shiga akwati. Jiya ya bi ta, shekaranjiya ya bi ta, amma yau ma sai ya bi.

Daga nan sai likita, wato asibitin garin. Majo Ummuhani, babbar ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da wurin, takan ce masa, “Malam Nomau, firigon lafiya lau yake, yanzu na duba.” Shi kuma ya ce, “Madalla, Majo,” ya wuce ta, ya buɗe, ya tura hannu ciki, ya ɗauko ɗan ma'aunin sanyi ya karanta da kansa. Da farko abin yana ɓata mata rai. Daga baya ta saba, har in ta ji tarinsa a ƙofa sai ta matsa masa hanya. Daga likita sai shato, babban tankin ruwan gari, ya manna kunne a jikin bututu ya ji ko ruwa yana hawa. Sai a lokacin yake komawa gida ya sha kunun da Balki, matarsa, ta gaji da ɗumamawa.

A watan jiya ya ajiye wannan aiki. Ni Ridwanu, tsohon darektan lakol, wato makarantar bokon garin, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, na ga bai kamata ya koma gida shiru ba. Kuma ni ya fi cancanta in rubuta, ba don na fi kowa ƙaunarsa ba. Akasin haka ma ya faru.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Nomau ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya yarda da magana sai ya taɓa. In ka kawo masa rediyo ka ce batir sabo ne, a gabanka zai ciro shi ya gwada. In ka ce masa an yi ruwa a Sae Sabuwa, sai ya tambaye ka wa ya faɗa maka, shi kuma wancan a ina ya kwana. Mutane sun ɗauke shi mai raina mutane. A Maraɗi ya koyi aikin waya tun yana saurayi, ya dawo gida, kuma shi ya riƙe famfon hasken rana na farko da aka kafa mana tun zamanin Taron Ƙasa na 1991, har famfon ya tsufa ya mutu a hannunsa. Duk da haka in ana lissafa mutanen kirki na gari, ba a cika tunawa da shi ba.

Shekara guda kafin sojoji su karɓi mulki a 2010, wata ƙungiyar agaji ta ba garinmu pano arba'in. Majalisar ƙaramar hukuma ta nemi wanda zai kafa su ya riƙa raba wuta ga shato, da likita, da lakol, da 'yan shagunan kasuwa. Aikin ya faɗa hannun Alhaji Musbahu, ɗan kwangila, ɗan garin nan, mutum mai fara'a da sakin hannu. Aka kafa kwamitin gari, aka sa ni magatakarda, aka sa Nomau ya zama idon kwamiti a kan aikin. Da hannuna na kwafi sharaɗin da ƙungiyar ta dage a kansa: duk mai ba garin nan wuta, daga hantsi zuwa la'asar da hasken rana zai ba da ita, inji ba ya tashi sai bayan magariba. Dalilinsu kuwa shi ne kada ruwanmu da maganinmu su rataya a kan man da ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka.

Wata uku na farko bayan an gama kafawa komai ya tafi daidai, Nomau yana shiga yana fita. Sai aka yi juyin mulki, aka rusa majalisa, aka naɗa kantoma na riƙo wanda bai taɓa jin sunan Gawon Mero ba. Turawan ƙungiya suka tattara suka koma Yamai suna jiran su ga yadda ƙasa za ta kwanta. A cikin wannan sararin ne Alhaji ya kewaye wurin da katanga, wai saboda ɓarayi, ya rufe bayan allunan da kwano, wai saboda iska, ya kawo ma'aikacinsa daga waje, ya sa ƙofa da kwaɗo. Ranar da Nomau ya zo da bokitinsa, maigadi ya ce masa Alhaji ya ce ya huta. Ba a daɗe ba kuma aka gina ɗakin injin niƙa a jikin katangar. Mata suka yi ta sa wa Alhaji albarka, don a da sai an kai hatsi Gazawa a amalanke.

Bayan damina Nomau ya zo zaman kwamiti a ajin lakol. Bai jira an ba shi magana ba.

“Wutar da muke sha da rana, ba ta rana ba ce,” in ji shi.

Na ajiye alƙalami na ce, “Ta mi ce, Malam Nomau?”

“Ta man gazuwal. Inji ne ke aiki.”

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ya jingina tsani a bishiyar da ke bayan katanga ya leƙa, ya ga kashin tsuntsu ya rufe gilasan, wata shida ba wanda ya wanke su, amma wuta ba ta ragu ba. Ya ce ranar da hadari ya rufe sama tun safe har azahar a watan Agusta, ya je shato ya saurara, ruwa yana hawa da ƙarfinsa kamar kullum, alhali ya yi shekaru yana riƙe famfon rana, ya san yadda yake kasala in gajimare ya taso. Ya ce Balki ta kai niƙa da azahar ta tarar mai niƙa ya tafi salla, injin niƙan a tsaye, amma ƙara tana ta fitowa daga ɗakin baya. Ya ce Jaye, makiyayin da ke bi da shanunsa ta hanyar iyaka, ya sha haɗuwa da amalanke ɗauke da duro-duro tana shiga ta ƙofar bayan ɗakin niƙa, man da ya fi ƙarfin injin niƙa biyar.

Na ce, “To ka faɗa mini, wane mahaukaci ne zai bar rana da Allah ya ba shi kyauta, ya je ya sayi mai?”

Ya dube ni ya ce, “Wanda ba shi da pano, Mushe.”

“Ba kai ka ce ka gan su da idonka ba?”

“Na ga gilashi. Ban ga bayansa ba. A buɗe mini in gani.”

A nan ya kamata mai karatu ya tuna irin lokacin da muke ciki. Ana shirin ƙuri'ar sabon tsarin mulki, zaɓen konseye, wato kansiloli, yana tafe, jam'iyyu suna ta sake ɗaura ɗamara. A garinmu in mutum ya sayi goro a teburin wani, sai a ce ya sauya jam'iyya. Alhaji Musbahu yana neman konseye, ana raɗe-raɗin yana hangen kujerar magajin gari. Ƙanin Balki kuwa yana yi wa abokin hamayyarsa yawon neman ƙuri'a. Wannan kaɗai ya ishe mu. Wani ya ce Nomau haushin korar da aka yi masa yake ji. Wani ya ce an saye shi. Wani ma ya ce shi da Jaye suna leƙen wurin ne don su san ta inda za su shiga. Ni kuwa ina da nawa dalilin da ban faɗa ba: Alhaji ya ja wa lakol waya har aji uku, 'yan ajin jarrabawa suna karatu bayan magariba, karo na farko tun da aka gina makarantar. Ba na son in ji abin da zai taɓa wannan.

Na ce masa a gaban mutane, “Malam Nomau, kai dai ba ka son ka ga abu yana tafiya ba hannunka a ciki.”

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Sati biyu bayan haka maigadi ya kama shi a kan tsani yana leƙe, aka kira jandarma. Ya wuni a wurinsu, suka sake shi da gargaɗi. Ni kuma na zauna na rubuta wa kantoma takarda da sunan kwamiti, na ce akwai wani mutum mai tada zaune tsaye, 'yan siyasa suna amfani da shi, a cire shi daga aikin sa ido. Aka cire shi. Mutane suka daina kai masa gyara. Wanda rediyonsa ya lalace ya gwammace ya hau kabu-kabu ya kai Agye. Balki ta faɗa mini daga baya cewa a wannan kakar sun sayar da tunkiyarsu da akuya biyu kafin su ga ƙarshen shekara, kuma mata sun daina amsa mata gaisuwa a wurin niƙa, har ta koma daka da hannu.

Kai ne, Nomau, aka yi wa wannan. Da wani ne da ya naɗe hannu ya jira ranar da za a zo a ba shi haƙuri. Kai ba ka jira ba.

Majo Ummuhani ce ta ba ni labarin abin da ya yi. Wata safiya ta gan shi a ƙofar likita yana tura baro, a ciki akwai tsofaffin pano biyu, ragowar famfon da ya mutu, waɗanda ya ajiye a ɗakinsa shekaru, da batir guda. Ya ce mata yana son ta ba shi ƙaramin firigon da ke ajiye a sito, wanda aka daina amfani da shi tun da wutar Alhaji ta zo.

Ta ce ita ma ba ta yarda da shi ba a lokacin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

“Mi kake nema a nan, Malam Nomau? In siyasa ce, likita ba wurinta ba ne.”

“Majo, mi ke cikin babban firigonki?”

“Allurar rigakafin yara. Da maganin sarar maciji, kwalba huɗu.”

“In ya yi zafi kwana biyu fa?”

“Sai zubarwa.”

“To zaɓe yana zuwa. Za a matsa iyaka. Ranar da mai ya yanke, wutarki za ta yanke da rana tsaka. In ƙarya nake, ba ki yi asarar komai ba, tsohon firigo ne ya yi sanyi a banza.”

Sai ta ce, “Ka haɗa. Amma ba za ka taɓa wayar babban ba, kuma ina tsaye a kanka har ka gama. In wani abu ya ƙone, sunanka zan kai.”

Ya ce, “Haka ya kamata.”

Kwana uku ya yi yana fama da wannan firigo. Ta tsaya a kansa kamar yadda ta ce. Ranar da ya fara sanyi ta sa kofin ruwa a ciki ta gwada, ba ta gaya wa kowa ba, don ita ma tana tsoron a ce ta shiga ɓangare.

Aka yi zaɓen konseye a Janairu, Alhaji ya ci. Iyaka ta matsu kwana biyu kawai, wuta ba ta ɗauke ba, ashe yana da ajiya. Muka ƙara samun abin yi wa Nomau dariya. Har wani ya tare shi a kasuwa ya ce, “Ina man da ka ce zai yanke?” Sai a watan Maris, gab da zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka tsananta tsaro sosai, masu shigo da mai suka ɗauke ƙafa fiye da sati biyu. Zafi ya fara. Wata Talata da azahar, rana tana tsakiyar sama, ko ɗigon gajimare babu, fankar buro ɗina, wato ofishina, ta yi juyi biyu ta tsaya.

Ba wanda ya ce, ashe Nomau ya yi gaskiya. Ba haka mutane suke ba. Alhaji ya fito ya ce akwatin da ke karɓar wutar pano ne ya ƙone, kuma ma'aikacinsa ya ga alamar an yanke waya da almakashi. Bai ambaci suna ba. Bai ma buƙaci ya ambata ba. Wa aka taɓa kamawa a kan tsani? Wa ya yi ta cewa wuta za ta yanke, har ya faɗi lokacin? Ni kaina na ce a raina, mutum ba ya sanin ranar da abu zai lalace sai in shi zai lalata shi.

Shato ya ƙafe a rana ta biyu. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai gaba talatin, wadda makiyaya ke shayar da dabbobi. A rana ta uku aka yi faɗa a bakin rijiyar tsakanin masu shanu da masu tulu, aka fasa wa wani kai da sanda, da ƙyar dattawa suka raba. Daga rijiyar ne taron ya juya ya nufi gidan Nomau. Ina cikin waɗanda suka bi baya, wai don in hana ɓarna, amma ban buɗe baki ba. Balki ce ta fito ta tsaya a ƙofar zaure, taɓarya a hannunta.

Ta ce, “Malam yana ciki, kuma ba zai gudu ba. Amma wanda zai shiga sai ya fara faɗa mini ya gan shi da almakashi. Wa ya gani? Kai, Mushe, kai ne mai ilimi, ka gani?”

Na sunkuyar da kai.

Nomau ya fito da kansa, ya ce a kai shi wurin jandarma, ya fi aminci. A can ya kwana. Washegari kantoma ya iso da mota, saboda labarin faɗan rijiya ya kai masa. Mutum ne mai kaki, marar yawan magana, kuma a fuskarsa ka san bai yarda da kowa a cikinmu ba. Ya sa aka kawo kujeru ƙofar katangar, aka kawo Nomau, Alhaji ya zo da babbar riga, gari ya taru. Kantoma ya zaro takardata daga jaka, ya tambayi wa ya rubuta. Na miƙe. Ya dube ni, ya dubi Nomau.

“Kai ne mai tada zaune tsaye? Mi za ka ce?”

“Ranka ya daɗe, ba ni da magana. Abu ɗaya nake roƙo. A buɗe ƙofar nan, a cire kwano ɗaya daga bayan pano. Ba ni zan zaɓa ba, kai za ka nuna wanda kake so. In ka ga waya, yankakkiya ko lafiyayya, a ɗaure ni.”

Alhaji ya ce makulli yana wurin ma'aikacinsa, shi kuma ya tafi neman kayan gyara tun jiya. Ya ce kayan Turawa ne masu tsada, in wanda bai sani ba ya taɓa, shi ba ruwansa. Kantoma ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce wa jandarma su karya kwaɗon.

Muka shiga. Layi biyar ne, takwas-takwas. Kantoma ya wuce layin gaba, ya je na uku, ya nuna ɗaya da sandarsa. Jandarma ya sa ƙarfe ya ɓamɓare kwanon. Na matsa na leƙa, don ina son in zama na farko da zai ga wayar da aka yanke.

Katako ne. Falankin katako, aka ɗora masa gilashin taga da aka shafa wa shuɗin fenti ta ciki, aka zana masa layuka da farin fenti. Babu waya, babu ma ramin da waya za ta bi. Gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwa. Kantoma ya nuna wani, aka buɗe, haka. Ya nuna wani. Aka bi su duka. Takwas na layin gaba, waɗanda ake hangowa in an buɗe ƙofa, su kaɗai ne na gaske, su ma an cire musu waya. A ɗakin bayan injin niƙa kuwa aka tarar da babban injin wuta da duro tara, duk babu ko ɗigo.

Alhaji ya dafe kai yana salati, ya ce ma'aikacinsa ya cuce shi, shi bai san komai ba, shi ma yau ya gani. Ma'aikacin dai ba a sake ganinsa ba, an ce ya tsallaka iyaka. Kantoma ya juya ga Nomau ya ce, “Kai mi ka gani? Alhaji ya sani ko bai sani ba?”

Duk muka zuba masa ido. Ga mutumin da ya jawo masa kwana a hannun jandarma, ga dama ta samu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, na ga katako, na ga inji. Ban ga ranar da aka fitar da pano ba, ban ga wanda ya karɓi kuɗinsu ba. Abin da ban gani ba, ba zan ce ba. Amma in an ba ni izini, takwas ɗin nan za su iya tada famfo. Mutane suna jin ƙishi.”

Har yau garin a rabe yake kan Alhaji. An tafi da shi, an yi ta kai da komo, ya rasa kwangilar, bai zama magajin gari ba, ya koma Maraɗi da zama. Wasu suna rantsuwa ya sani, wasu suna cewa an yaudare shi. Ni ina da zatona, amma na koyi riƙe shi a ciki.

Nomau bai ko je gida ya canja riga ba. Ya wanke takwas ɗin, ya ja waya kai tsaye zuwa famfo, ya wuni a rana. Washegari da hantsi ruwa ya fara hawa shato, a hankali, ba kamar da ba, amma ya hau. Aka tsara layi, unguwa-unguwa, makiyaya suka samu rijiyarsu. Sai a ranar Majo Ummuhani ta buɗe baki ta faɗa wa mutane cewa tun azahar ɗin Talata ta kwashe allurai ta mayar ƙaramin firigo, ba a zubar da ko kwalba ɗaya ba. A farkon daminar shekarar maciji ya sari wata mata a gonar wake, aka kawo ta a amalanke ƙafa ta kumbura, aka yi mata allura daga cikin kwalaben nan huɗu. Tana nan da ranta, jikokinta suna lakol.

Na yi kwana biyar ina jinkiri kafin in je gidansa. Na same shi a zaure yana kwance wata fitila. Na yi sallama, na zauna, na fara kewaye-kewaye. Ya bar ni har na gaji, sannan na ce, “Malam Nomau, na zalunce ka. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Na yafe, Mushe. Amma ban ji haushin ka zarge ni ba. Kana da iko ka zarge ni. Abin da ya yi mini ciwo, katangar nan taku ɗari biyu ce daga buro ɗinka. Ka zarge ni, ka zauna. Da ka zarge ni ka tashi ka duba, da mun gama tun kaka.”

Da aka rantsar da zaɓaɓɓiyar majalisa, ƙungiyar ta dawo, bayan dogon ja-in-ja ta cike mana wasu pano, ba duka ba. Aka sake rubuta yarjejeniya, aka mayar da Nomau. Shi ya dage a ƙara abu biyu a ƙarƙashin tsohon sharaɗin: ba za a sake rufe bayan pano ba, kuma ƙofa a buɗe take da rana ga duk ɗan gari. Aka so a ba shi makullin shi kaɗai, ya ƙi. Ya ce a yi biyu, ɗaya a wurin Majo, kuma kowane wata a turo mutum biyu, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, su bi bayansa su duba aikinsa. Wani ya ce, “Haba Malam, kai ma?” Ya ce, “Ni ma. Kun san abin da zan zama nan da shekara biyar?” Tun daga lokacin masu kwangila uku suka riƙe wutar garin nan. Ba wanda ya so shi a cikinsu, kuma ba wanda ya tada inji da rana.

Kwanan nan ina jin ana ta muhawara a rediyo, nan gida da tsallaken iyaka, kan dokokin da za su tilasta wa masu raba wuta su riƙa samo wani kaso daga rana ko iska. Ina murna, kuma ina jin tsoro. Mu ma muna da sharaɗi, da kyakkyawan rubutu, da hatimi, ni na kwafe shi. Wata da watanni muna shan hayaƙin gazuwal muna gode wa rana. Duk garin da za a kai wa irin wannan doka, ina roƙonsu su nemi nasu mutumin, su ba shi ƙofa a buɗe, kuma in ya zo da maganar da ba ta yi musu daɗi ba, kada su fara tambayar ɗan wace jam'iyya ne surukinsa. Matasanmu masu koyon aikin waya kuma, ku je ku zauna a zaurensa tun yana da ƙarfin magana.

Kafin in aika da wannan rubutu na kai masa na karanta masa, don yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, abin da ya sa ya ajiye aiki ke nan. A rubutun farko na ce ya ceci ran yara ɗari uku. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Wa ya ƙirga su?”

Na ce ƙiyasi ne.

“Cire.”

Na cire. Na kuma ce ba a taɓa samun kamarsa ba a duk jihar Maraɗi, ya ce na zaga jihar ne? Wannan ma na cire. Abin da ya rage a takardar nan shi ne abin da ya kasa musantawa.

Nomau na Balki, mai wuyar sha'ani, mun gode. Mun gode da ruwan da muka sha, da alluran da ba a zubar ba, da haƙurin da ka yi da mu lokacin da muka taru a ƙofar gidanka. Balki, ke ma mun gode, ke kika tsaya ranar da maza suka sunkuyar da kai. Ranar Litinin za a kai shi Maraɗi a yi masa aikin ido. Ya riga ya tambayi likitan ido nawa ya taɓa yi, kuma ina masu su suke. Jama'ar Gawon Mero, da duk wanda ya karanta wannan, ku sa shi a addu'a. Allah ya sa a yi a sa'a, Malam Nomau, ya dawo mana da kai kana gani.